Tikitin shiga filin ƙwallo: Ɗan gari ya fi cancanta ko mai kuɗi a hannu?

A ranar Asabar, 6 ga Fabrairun 2016, Liverpool tana cin Sunderland biyu da nema a filin Anfield lokacin da wasa ya kai minti na 77. Nan take kimanin 'yan kallo 10,000 suka miƙe daga kujerunsu, suka yi ta ficewa. Dalilinsu shi ne sanarwar da masu ƙungiyar suka yi cewa daga kaka mai zuwa wasu kujerun sabuwar babbar rumfar filin za su kai fam 77, shi ya sa aka zaɓi wannan minti. Kafin a tashi Sunderland ta farke ƙwallayen biyu. Bayan kwana huɗu kamfanin Fenway Sports Group na Amurka, mai mallakar ƙungiyar, ya nemi afuwa a rubuce, ya janye ƙarin, tikiti mafi tsada na gama-gari ya tsaya a fam 59.

Wannan bore ya fito da tambayar da ta daɗe tana damun manyan ƙungiyoyin Ingila. Idan kujeru 60,000 ne a fili, masu son shiga kuwa sun ninka haka sau da yawa, wa za a fara sayar wa? Yaron da aka haifa a layin bayan filin, ko wanda ya shekara ashirin yana zuwa daga nesa bai fasa ba, ko baƙon da ya sauka daga jirgi da kuɗinsa a hannu? Wannan bayani ya duba asalin taƙaddamar, da yadda ake rabon kujeru, da hujjojin ɓangarorin biyu, da abin da doka ta tanada.

Asalin taƙaddamar

Yawancin manyan ƙungiyoyin Ingila daga unguwa suka tsiro. Ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa Newton Heath a 1878, wadda ta koma Manchester United. Everton ta samo asali daga wata majami'a a shekarar. Ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich suka kafa Arsenal a 1886, West Ham kuwa daga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta fito a 1895. Al'adar fara wasa da ƙarfe uku na yammacin Asabar ma ta samo tushe daga lokacin tashin leburori daga aikin rabin yini. A wancan zamani babu batun fifita kowa, domin mutum zai tako da ƙafa daga gida, ya biya a bakin ƙofa, ya tsaya cikin cunkoso ya yi kallo.

Abubuwa biyu suka sauya wannan tsari. Na farko shi ne turmutsitsin filin Hillsborough na ranar 15 ga Afrilun 1989, wanda ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97. Rahoton alƙali Taylor na 1990 ya ba da shawarar a soke wuraren tsayuwa, aka kuma wajabta wa ƙungiyoyin manyan rukunai biyu su mayar da filayensu na zama zalla kafin kakar 1994. Kujera ta fi tsayuwa cin wuri, don haka yawan masu shiga ya ragu. Alƙalin ya yi gargaɗi kada a fake da wannan a tsawwala farashi, amma ba a ji ba. Tikitin tsayuwa a rumfar Kop ta Anfield fam 4 ne a kakar 1989/90.

Na biyu shi ne kafa gasar Firimiya a 1992, da kwantiragin talabijin na fam miliyan 304 na shekara biyar. Talabijin ya kai wasannin Ingila kowane lungu na duniya, ya haifar da miliyoyin magoya baya waɗanda ba su taɓa taka ƙasar ba, kuma wasunsu suka fara zuwa. Hukumar yawon buɗe ido ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa a 2019 baƙi miliyan 1.5 daga ƙetare sun shiga filin ƙwallo a lokacin ziyararsu. Tun a Nuwamban 2000 kyaftin ɗin Manchester United, Roy Keane, ya yi ƙorafin cewa wasu 'yan kallon Old Trafford cin abincin alfarma ya kawo su, ba su ma san abin da ke gudana a fili ba.

Yadda ake rabon kujeru

Kafin a yi maganar fifiko, yana da kyau a san cewa ba duk kujerun fili ake kai wa kasuwa ba. Kaso mafi girma a yawancin ƙungiyoyi na masu tikitin kaka ne, wato waɗanda suka biya kuɗin dukkan wasannin gida 19 na gasar a dunƙule, kuma suna da damar sabuntawa kowace shekara. Da wuya mai irin wannan tikiti ya sake shi, shi ya sa layin jira a ƙungiyoyi irin su Liverpool da Arsenal yake ɗaukar shekaru masu yawa.

Sai kason magoya bayan ƙungiyar da ta zo baƙunta. Dokar gasar Firimiya ta ba su kujeru 3,000, ko kashi 10 cikin ɗari idan filin bai kai cin mutum 30,000 ba. Tun daga kakar 2016/17 an ƙayyade farashin wannan tikiti a fam 30, bayan gangamin magoya baya da ya ƙara ƙarfi a Janairun 2013, lokacin da Manchester City ta mayar wa Arsenal tikiti fiye da 900 saboda mutanenta sun ƙi biyan fam 62.

Akwai kuma kujerun alfarma da ake haɗawa da abinci da ɗakin hutawa, waɗanda kan kai ɗaruruwan fam a wasa guda, da na kamfanonin da ke ɗaukar nauyin ƙungiya, da na iyalan 'yan wasa da ma'aikata. Abin da ya rage shi ake sayar wa mambobi, wato waɗanda suka biya kuɗin rajista na shekara don kawai su sami damar nema. Ana raba shi ko dai bisa tarihin halarta, inda wanda ya fi zuwa a baya yake fara zaɓa, ko ta hanyar ƙuri'a. A kan wannan ragowa ake yawancin jayayya, alhali a manyan ƙungiyoyi ba ita ce mafi yawan filin ba.

Gwajin Liverpool

Liverpool ce fitacciyar ƙungiyar da ta fito fili ta ware wa 'yan gari kaso. A tsarin da ta sanar a 2016, ta keɓe tikiti kimanin 20,000 a duk kakar gasar Firimiya domin mazauna yankin da lambar adireshinsu ta gidan waya ta fara da harafin L, mafi arha daga ciki fam 9. Ta ƙara da rangwame ga matasa 'yan shekara 17 zuwa 21, da tikitin kyauta ga makarantun birnin.

Idan aka raba 20,000 a kan wasa 19, ana samun kujeru kusan 1,000 a kowane wasa. A filin da yake cin mutum 54,000 a wancan lokaci, wannan bai cika kashi biyu cikin ɗari ba. Yanzu an faɗaɗa Anfield zuwa fiye da 61,000. Wato ko a inda aka amince da fifita ɗan gari, ƙofa ce ƙarama aka buɗe masa a gefe, ba a ba shi filin ba. Wannan adadi yana da muhimmanci, domin sau da yawa masu jayayya kan yi magana kamar ana shirin korar baƙi ne gaba ɗaya.

Hujjar masu goyon bayan fifiko

Hujja ta farko ita ce ta haƙƙin maƙwabtaka. Mazauna kewayen fili su ke shan cunkoson motoci, da rufe tituna, da hayaniya da shara, sau ashirin ko talatin a shekara. Unguwar Anfield tana cikin mafiya talauci a Ingila, kuma sai da aka rushe gidaje a titunan da ke manne da filin kafin a faɗaɗa babbar rumfa. Masu wannan ra'ayi suna ganin rashin adalci ne mutum ya ɗauki wahalar fili, yana jin ihun 'yan kallo ta tagarsa, amma ɗansa bai taɓa shiga ba. Gida bai ƙoshi ba, an kai wa dawa.

Ta biyu ita ce ta gado. Son ƙungiya a Ingila abu ne da uba kan ɗora ɗa a kai tun yana ƙarami. Idan masu tikitin kaka suna tsufa a kujerunsu, matashi kuma ba shi da tarihin halarta da zai ba shi dama, ba shi da kuɗin kujerar alfarma, to an yanke masa hanya. Tsarin tarihin halarta yana da wannan aibi: sai ka taɓa shiga za a ba ka tikiti, kuma sai da tikiti za ka shiga.

Ta uku ta kasuwanci ce. Abin da kamfanonin talabijin suke saya har da cikar fili da waƙe-waƙen 'yan kallo da tutocinsu, kuma masu zuwa kullum su suka san waƙoƙin, su ke tayar da su. Lokacin annobar korona, da aka yi ta buga wasa a filaye babu kowa, har sautin 'yan kallo na ƙarya aka riƙa sakawa a talabijin. Baƙon da ya biya kuɗin jirgi ma wannan armashi ya zo gani.

Akwai kuma batun ranar wuya. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Idan ƙungiya ta faɗi daga gasar Firimiya, masu yawon buɗe ido kan ɗauke ƙafa, 'yan gari su rage. Sunderland ta shafe kaka huɗu a rukuni na uku daga 2018 zuwa 2022, kuma mutanen garin suka ci gaba da zuwa fili dubu-dubai.

Hujjar masu adawa

Masu adawa suna cewa adireshi ba ma'aunin ƙauna ba ne. Akwai mutanen Ireland da ke tsallaka teku kusan kowane mako domin kallon Liverpool ko Manchester United, shekara da shekaru. A Norway, inda talabijin ya fara nuna wasannin Ingila kai tsaye tun 1969, akwai iyalan da kaka da jika duk ƙungiya ɗaya suke bi. Mutumin da ya kashe kuɗin jirgi da masauki sau goma a kaka, da wane dalili za a sa shi bayan wanda ke zaune kusa da fili amma sai an zo wasan ƙarshe yake tunawa da ƙungiyar?

Suna kuma nuni da inda kuɗi ke fitowa. A zagayen kwantiragin 2022 zuwa 2025, kuɗin da gasar Firimiya ta samu daga sayar da haƙƙin nuna wasanni a ƙetare ya zarce na cikin gida, a karon farko. A nan ne batun ya shafi mai karatu a Kano ko Kaduna ko Damagaram. Kuɗin da yake biya a gidan kallo, ko na katin DStv, wani ɓangarensa yana ƙarewa a asusun ƙungiyoyin nan, da shi ake sayen 'yan wasa. Da yawa sun kamu da son Arsenal a zamanin Nwankwo Kanu, ko Chelsea a zamanin John Obi Mikel, kuma ba su sauya ba har yau. Idan Allah ya ba irin wannan mutum ikon zuwa Landan sau ɗaya a rayuwarsa, yana da wuya a ce masa ba shi da rabo.

Hujja ta ƙarshe ita ce wannan muhawara tana haɗa magoya baya faɗa da juna, ta bar masu yanke farashi suna hutawa. Ɗan gari yana hararar baƙo, alhali wanda ya mayar da kujerun talakawa na alfarma yana ofis.

Wane ne ɗan gari?

Ko an yarda da fifikon, shata iyaka aiki ne. Garin Birkenhead yana tsallaken kogin Mersey, ana hango shi daga gaɓar Liverpool, amma tun 1999 aka sauya lambar adireshinsa daga L zuwa CH. Garin Ormskirk kuwa, mai nisan kimanin kilomita 20, yana cikin L. Filin Old Trafford ba ya cikin ƙaramar hukumar birnin Manchester, yana Trafford ne. A Landan ƙungiyoyi sun yi yawa har unguwanninsu sun shiga juna, kuma ita kanta Arsenal daga kudancin kogin Thames ta ƙaura zuwa arewa a 1913.

Tsadar gidaje ta ƙara dagula lissafin. A kewayen filayen Arsenal da Chelsea da Fulham, gidaje sun fi ƙarfin iyalan da suka gaji ƙungiyoyin, da yawansu sun koma bayan gari. Idan aka bi adireshi a can, attajirin da ya tare jiya zai shiga gaban wanda kakansa ya yi kallo a tsaye. Ga kuma wanda aka haifa a gari, neman abinci ya kai shi wani wuri. Sannan adireshi abu ne da ake iya ara, ɗan uwa ya ba ɗan uwa.

Abin da doka ta ce

A Birtaniya babu dokar da ta tilasta wa ƙungiya ta fifita 'yan gari, babu kuma wadda ta hana kai tsaye. Dokar daidaito ta 2010 ta haramta nuna bambanci saboda launin fata ko ƙabila ko ƙasar mutum. Wurin zama ba ya cikin jerin, sai dai idan sharaɗin ya zama hanyar ware wasu ta bayan gida, dole mai shi ya kawo dalili mai ƙarfi.

A Tarayyar Turai an taɓa yin hukunci a kan irin wannan. Kwamitin shirya gasar cin kofin duniya ta 1998 ya sa sharaɗin sai mai adireshi a Faransa zai sayi wasu rukunan tikiti. A Yulin 1999 hukumar zartarwar Tarayyar ta same shi da laifin nuna wa sauran 'yan Turai bambanci, ta ci shi tarar jan kunne ta yuro 1,000.

Sabon abu a Ingila shi ne dokar tafiyar da harkar ƙwallo da ta fara aiki a Yulin 2025, wadda ta kafa hukumar sa ido mai zaman kanta. Ta biyo bayan korar ƙungiyar Bury daga gasa a 2019, da yunƙurin kafa gasar Super League a Afrilun 2021, da binciken da 'yar majalisa Tracey Crouch ta jagoranta a shekarar. Dokar ta wajabta wa ƙungiyoyi tuntuɓar magoya bayansu a kan muhimman al'amura, har da farashin tikiti, amma hukumar ba ta yanke farashi, ba ta kuma raba kujeru.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

Jamus ta bi wata hanya dabam. Ƙa'idar da ake kira 50+1, wadda aka kafa a 1998, ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin ƙungiya, in ban da 'yan ƙalilan da aka yi wa togaciya. Ba a soke wuraren tsayuwa ba. Rumfar kudu ta filin Borussia Dortmund ita kaɗai tana ɗaukar kusan mutum 25,000 a tsaye, a fili mai cin fiye da 81,000. Inda akwai wuri mai yawa kuma mai arha, ɗalibi da lebura suna shiga ba tare da an tambaye su adireshi ba. Ko a can sai da magoya bayan Dortmund suka ƙaurace wa wasan hamayya da Schalke a 2010, saboda tikitin tsayuwa ya haura yuro 20.

A Sifaniya, Real Madrid da Barcelona da Athletic Bilbao da Osasuna mallakar mambobinsu ne, kuma mamba ke da fifiko. Duk da haka, a ranar 14 ga Afrilun 2022 kimanin magoya bayan Eintracht Frankfurt 30,000 suka cika filin Camp Nou, alhali kason da aka ba su 5,000 ne. Sun sayi sauran a kasuwa da hannun masu sake sayarwa. Barcelona ta sha kashi da ci 3-2 a gidanta kamar a baƙunta take, shugabanta Joan Laporta ya kira abin da abin kunya, ƙungiyar ta koma rubuta suna a tikitin wasannin Turai.

Hukumar FIFA kuwa ta sha ware rukunin tikiti mai arha ga mazauna ƙasar da ke karɓar gasar duniya. A Afirka ta Kudu a 2010 ya fara daga rand 140, a Qatar a 2022 daga riyal 40.

'Yan bunburutun tikiti

Duk tsarin da aka yi, kasuwar bayan fage tana iya rusa shi. Tikitin fam 9 da za a iya sayarwa a kan ɗaruruwan fam jarraba ce ga mai ƙaramin ƙarfi, riba ce kuma ga gungun da ke buɗe asusun bogi da adireshin aro. Sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin ƙungiya ba laifi ne a Ingila da Wales tun dokar 1994, amma shafukan intanet da ke zaune a wasu ƙasashe sun fi ƙarfin dokar. Ƙungiyoyi sun koma tikitin waya mai ɗauke da sunan mai shi. Liverpool ta ce a kakar 2024/25 ta haramta wa mutum fiye da 1,000 shiga filinta har abada saboda wannan sana'a.

Magoya baya kuma suna zargin ƙungiyoyin da baki biyu. A Afrilun 2025 dubban magoya bayan Manchester City suka ƙi zama a kujerunsu har minti tara na farko suka wuce a wasansu da Leicester, don nuna fushi kan yarjejeniyar da ƙungiyar ta ƙulla da Viagogo, kamfanin sake sayar da tikiti. Kafin nan, a ƙarshen 2024, Manchester United ta mayar da tikitin mambobi fam 66 a sauran wasannin kaka, ta soke rangwamen yara da tsofaffi.

Inda aka kwana

Idan aka tattara waɗannan misalai, abu ɗaya ya fito fili: adireshi shi kaɗai ba ya iya zama ma'aunin rabo, amma barin komai a hannun kasuwa yana fitar da maƙwabcin fili waje, musamman matashi. Tsarin da ya fi samun karɓuwa a bakin ƙungiyoyin magoya baya shi ne wanda ya ba kowa ƙofarsa. A ware kaso tsayayye mai arha ga yara da matasan gari, mai ɗauke da suna yadda ba za a sayar ba. A girmama tarihin halarta ko daga ina mutum yake zuwa. A bar wani kaso na ƙuri'a ga wanda bai taɓa shiga ba, na kusa da na nesa.

Duk da haka, waɗannan ƙofofi uku daga ragowa ɗaya ake yanka su, kuma ragowar tana raguwa a duk lokacin da aka mayar da layin kujeru na alfarma. Saboda haka idan wata ƙungiya ta yi shelar cewa ta tuna da 'yan gari, alƙaluma uku ne za su nuna gaskiyarta: kujeru nawa ta ware a kowane wasa, nawa ne farashinsu, kuma a sabuwar rumfar da ta gina, kujeru nawa ne na gama-gari, nawa ne na alfarma.